Mai buga kati ya ce in cire lanƙwasar haruffa

TAMBAYA: Assalamu alaikum, Malam. Ni malamar firamare ce a Funtua. Ƙanina zai yi aure, aka ɗora mini rubuta katin gayyata. Na rubuta da Hausa tsaf a waya, na tura wa mai buga kati ta WhatsApp. Da samfur ya fito, duk inda akwai ɗ ko ƙ sai na ga ɗan akwati, wani wurin kuma harafin ya fito siriri, bai yi kama da sauran ba. Ya ce in cire lanƙwasar kawai, ai kowa zai gane. In bi shawararsa?

AMSA: Wa alaikumus salam, Malama. Allah Ya sanya alheri, Ya ba su zaman lafiya. Kada ki cire. Wayarki ba ta yi laifi ba, kwamfutarsa ma lafiyarta ƙalau. Matsalar tana cikin salon haruffan da ya zaɓa.

Kowane harafi yana da lambarsa a tsarin Unicode, wanda ya fara fitowa a 1991, kuma ɓ, ɗ, ƙ da ƴ duk suna ciki, manya da ƙanana. Saƙonki ya isa gare shi daidai. Sai dai kowane salon haruffa wani mutum ne ya zauna ya zana shi ɗaya bayan ɗaya, kuma yawancin masu ado, irin waɗanda ake so a katin biki, an zana su ne don harsunan Turai. Idan kwamfuta ta nemi zanen ƙ ta rasa, ko ta ajiye akwati a gurbinsa, ko ta aro shi daga wani salon dabam. Wannan aron shi ne siririn da kika gani tsakanin masu kauri.

Wannan ciwon ya daɗe. Tun shekarun 1930 haruffa masu lanƙwasa suka shiga rubutun boko, amma injinan rubutu da kwamfutocin farko ba da mu aka ƙera su ba. A shekarun 1990 Farfesa Abdalla Uba Adamu na Jami'ar Bayero ya ƙirƙiro salon haruffan Hausa, irin su Rabi'at, suka share wa marubuta da maɗaba'u hawaye. Dabarar wancan lokacin ita ce a ɗora haruffanmu a kan maɓallan da ba a cika amfani da su ba. Shi ya sa har yau, in kika buɗe tsohon kundi a kwamfutar da ba ta da salon, za ki ga }asa a maimakon ƙasa, ]aya a maimakon ɗaya. Wasu shagunan har gobe a kan wannan tsari suke, don haka ki tambaye shi ko sake buga rubutun ya yi da hannunsa.

Maganin bai kai kuɗin goron biki ba, kyauta ne ma. Ki ce ya sauke Charis SIL, Gentium ko Andika daga ƙungiyar nazarin harsuna ta SIL, ko Noto na Google. Duk suna da haruffanmu cikakku. Ni Gentium nake so a kati, domin yana da taushi a ido, ba ya cika takarda da hayaniya. In ya nace sai salon ado, to ya bar shi a kan kalmomin da ba su da lanƙwasa, kamar "Gayyata", sauran bayanin ya tafi a salon da ya iya Hausa. Salo biyu sun ishi kati ɗaya. Wanda ake zuba wa biyar, ga zinariya ga furanni, sai dattijo ya nemi tabarau bai gano ranar ɗaurin auren ba.

Maganar "kowa zai gane" kuwa, gaskiya ne, yawanci ana ganewa. Amma ke da kike tsaye gaban allo kina gyara wa yara rubutu, katin nan zai shiga gidajen iyayensu da sunan gidanku a kai. Kuma in ango Ɗanlami ne, ko amaryar 'yar Ƙaura Namoda ce, suna da haƙƙin a rubuta sunan yadda yake. Abin yana taɓa ni idan na ga mun saba da ragewa harshenmu don kawai mai shago bai so ya ɓata minti biyar ba.

Kafin a buga da yawa, in da manhajar zane ta CorelDraw yake aiki, ya zaɓi rubutun ya danna Ctrl da Q. Wannan yana mayar da haruffa zane, ba za su canza a wata kwamfutar ba. Amma sai kin gama duba kuskure, domin bayan haka ba a iya gyara rubutun. Ki sa ya fitar miki da guda ɗaya a takarda, kada ki tsaya a hoton waya. Ki duba manyan haruffa musamman, Ɗ da Ƙ da Ɓ, don wani salon yana da ƙananan amma ba shi da manyan. In kuna da dangi a Maraɗi ko Damagaram, kada ƴ ta ruɗe ki: su da ita suke rubutawa, mu a Nijeriya 'y muke sa wa, ki tsaya a kan guda ɗaya daga farkon katin har ƙarshensa.