Bindigar Kaka da Lambar XVIII

Tambaya: Malam, a cikin adakar marigayi kakana muka tsinci ƙaramar bindiga naɗe da tsumma. An rubuta mata Beretta, Gardone V.T., 1940 XVIII. Tsohon soja ne tun zamanin da ake kiran garinmu Fort-Lamy. Yaushe aka ƙera ta? Daga wani mai karatu, N'Djamena.

Amsa: Allah ya jiƙan kaka. Ɗan'uwa, ai bindigar ta faɗi shekarunta da bakinta: 1940. Ita kuwa XVIII lissafin gwamnatin Mussolini ta Italiya ne, wadda ke ƙirga shekara daga Oktoban 1922, wato shekara ta 18 ke nan. Gardone Val Trompia gari ne a arewacin Italiya, can gidan Beretta masu ƙera bindigogi yake, kuma tun 1526 suke wannan sana'a.

Zatona samfurin 1934 ce, mai cin harsashi bakwai, wadda sojojin Italiya ke ratayawa a ƙugu. Yadda ta iso adakarku ma bai ba ni mamaki ba. A farkon 1941, lokacin Yaƙin Duniya na Biyu, Leclerc, wani kwamandan sojan Faransa, ya tashi daga Chadi da dakaru, akasarinsu 'yan ƙasa, suka ƙwace Kufra a Libiya daga hannun Italiyawa. In kaka na cikinsu, to ganimar yaƙi ce. Masu tara kayan tarihi sun fi son irin taku, don na ƙarshen yaƙin aikinsu na gaggawa ne.

Kada ka gwada harba ta, kada kuma ka kankare tsatsar da kanka. Je wurin jandarmomi ka sanar, don ajiye ta sai da izini.