Tambaya da Amsa: Zuwa Tsibirin Assateague don Wankan Teku, Tuƙa Kwale-kwale da Kallon Tsuntsaye

Masu karatunmu mazauna gabashin Amurka sun turo tambayoyi a kan Assateague, tsibirin rairayin nan da ke bakin Tekun Atlantika, wanda jihohin Maryland da Virginia suka raba a tsakaninsu. Ga waɗanda muka zaɓa.

Tambaya: Assalamu alaikum. Ina so in kai iyalina Assateague. A taswira na ga mashiga biyu. Wacce zan bi, kuma zan iya shiga ta wannan in fita ta waccan?
Wani magidanci, Silver Spring

Amsa: Wa alaikumus salam, Malam. Hakan ba zai yiwu ba. Tsibirin siriri ne mai tsawon kilomita 60, amma babu titin da ya haɗa arewacinsa da kudancinsa. Wanda ya shiga ta Maryland kuma yake son ganin ɓangaren Virginia, sai ya fito ya zagaya ta cikin ƙasa, tafiyar fiye da awa ɗaya a mota.

Daga wajenku tafiyar kamar awa uku ce, ta hanya mai lamba 50, ka haye gadar Chesapeake, sannan ka ɗauki hanya mai lamba 611 kusa da garin Berlin. Wannan ita ce mashigar Maryland, kuma ita ta fi dacewa da mai son kwana a tanti ko shiga kwale-kwale. Mashigar Virginia ta garin Chincoteague take, ta hanya mai lamba 175. Can ne gandun tsuntsayen da aka kafa a 1943, da hasumiyar haska wa jiragen ruwa hanya mai ratsin ja da fari, wadda aka kammala a 1867. Ba a kwana a wannan ɓangaren, kuma ba a shiga da dabbar gida ko da a cikin mota take.

Akwai abin da ya kamata ka sani game da ƙasar da za ka taka. Irin wannan tsibiri tarin rairayi ne da ya tsaya tsakanin teku da gaɓa, yana tare wa gaɓar ƙarfin igiyar ruwa, kuma ba ya zama wuri ɗaya. Har zuwa 1933 Assateague a haɗe yake da garin Ocean City da ke arewa da shi, sai mahaukaciyar guguwa ta yanke tsakaninsu. Da aka jera duwatsu don kada mashigin ruwan da guguwar ta buɗe ya toshe, sai suka tare rairayin da ruwa ke kawowa daga arewa, kan tsibirin ya ja baya da ɗaruruwan mitoci. A watan Maris na 1962 wata guguwar ta rusa gidaje da titin da aka fara ginawa, abin da ya share fagen mayar da wurin gandun ƙasa a 1965. Shi ya sa ake hana hawa tuddan rairayin: saiwar ciyawar da ke kansu ce ke riƙe su. Ku bi ta kan katakon da aka shimfiɗa. Idan kuma an yi guguwa a makon, ka tabbatar wurin a buɗe yake kafin ka kama hanya, domin ruwa kan rufe wuraren ajiye mota.

Tambaya: 'Ya'yana uku ba su iya iyo ba, ni ma haka. Kuma ba zan shiga ruwa ba sai da suturata cikakkiya. Me za ku ba ni shawara?
Wata uwa, Baltimore

Amsa: Hajiya, ki fara da zaɓen wuri. Masu ceto suna aiki ne a lokacin zafi kawai, galibi daga ƙarshen Mayu zuwa farkon Satumba, kuma a wuraren da aka keɓe. Ki shimfiɗa tabarmarki daura da kujerar mai ceto, ki tambaye shi yanayin ruwan ranar. Wanda bai iya iyo ba kada ruwa ya wuce masa gwiwa, kada kuma ya juya wa teku baya, don igiyar da ke fashewa a gaɓa tana iya kayar da babban mutum. Kowane yaro ya kasance inda hannunki zai kai gare shi. Robar da ake hura wa iska ba kariya ba ce. Iskar da ke busowa daga gaɓa takan tura ta ciki da yaron a kai.

Babban haɗarin shi ne ruwa mai ja. Igiyoyi suna tara ruwa a gaɓa, ruwan ya nemi hanyar komawa, sai ya samu tsaga a tudun rairayin da ke ƙarƙashin ruwa ya bi ta nan da gudu. Yawanci yana tafiyar rabin mita a daƙiƙa, amma yakan wuce mita 2, saurin da gwanin iyo ma ba zai ja da shi ba. Abin da ke yaudarar mutane shi ne nan ne ruwan ya fi kama da mai natsuwa: za ki ga wani layi inda igiya ba ta fashewa, launinsa ya fi duhu ko ya gurɓace da rairayi, kumfa na tafiya ciki. Iyaye da yawa nan suke zaɓar wa yara. Ruwan ba ya jan mutum ƙasa, ciki yake kai shi, kuma gajiyar kokawa da shi ce ke kisa. Wanda ya faɗa ciki ya kwanta rigingine ya bar ruwa ya ɗauke shi, ya ɗaga hannu ya yi kira. In ya iya iyo, ya yi gefe, ya bi tsawon gaɓa har ya fita daga layin, sannan ya nufo tudu. Na waje kuma kada ya faɗa ceto hannu sake. Ya kira mai ceto ko lambar 911, ya jefa abin da ke yawo a ruwa.

Batun sutura yana da muhimmanci. Atamfa, abaya da dogon hijabi suna shan ruwa su yi nauyi, su naɗe ƙafa, igiya kuma ta samu abin ja. Ki nemi kayan iyo na mata masu rufe jiki duka, da hular kai mai kama fuska ba mai lilo ba. Haka maigida ma, ya bar doguwar riga a kan tabarma. Idan ƙananan yaran wasa kawai suke so, ki kai su gefen yamma na tsibirin, inda ruwan ba shi da igiya, amma da takalmin ruwa saboda ɓawon kawa yana yanka.

Tambaya: Mu huɗu ne, muna so mu yi hayar kayak, wato ɗan ƙaramin kwale-kwale. Babu wanda ya taɓa tuƙawa a cikinmu. Yaya za mu yi?
Wani matashi, Bronx

Amsa: Ɗan'uwa, ku manta da gefen teku. Ruwan da ke bayan tsibirin, wato Sinepuxent da Chincoteague, shi ne naku. A ɓangaren Maryland ana sauka ruwa a Old Ferry Landing da kuma Bayside, inda ake bayar da haya a lokacin zafi. Ku nemi kayak irin wanda ake zama a samansa, ba mai rami ba. Ya fi faɗi, ba ya cika da ruwa, kuma in ya kife hawansa ya fi sauƙi. Filafili mai tsawon santimita 220 zuwa 240 ya ishi yawancin mutane.

Doka ta ce kowane mutum da rigar kariya daga nutsewa. Mu kuma muna cewa a jiki, a ɗaure, ba a ƙarƙashin igiyar jirgi ba. Gwajinta: wani ya kama kafaɗun rigar ya ja sama, in ta kai kunne to ta yi sako-sako. Ku ɗaura usur a jikinta, waya a jakar da ruwa ba ya shiga, ruwan sha aƙalla lita 2 kowa don fitar rabin yini, hula da man kariya daga rana. Ku gaya wa wani a tudu inda za ku da lokacin dawowarku.

Ruwan nan ba shi da zurfi, wurare da yawa bai wuce ƙugu ba, kuma wannan ne ke sa baƙi su raina shi. Matsalar iska ce. Da yake fili ne fetal babu abin da zai tare ta, nan da nan take tayar da gajerun igiyoyi masu bin juna. A lokacin zafi takan taso daga kudu ko kudu maso yamma, ta yi ƙarfi bayan azahar. Saboda haka ku fita da sassafe, ku fara da fuskantar iskar tun da sauran ƙarfinku, ta turo ku a dawowa. Kuskuren da aka fi yi shi ne akasin haka: mutum ya bi iska cikin daɗi, ya yi nisa bai sani ba, ya juyo ya tarar tafiyar rabin awa ta zama ta awa biyu. Sabon shiga ba ya wuce kilomita 3 zuwa 4 a awa ko a ruwa kwance. In hasashen yanayi ya nuna iska fiye da kilomita 20 a awa, ko an yi gargaɗi ga ƙananan jirage, ku fasa. In kun ji tsawa, ku fito.

Iska tana kuma tura ruwan daga wannan gefe zuwa wancan, ta haɗu da janyewar teku, sai rafin fadamar da kuka bi da safe ya zama taɓo. Ku duba jadawalin cikowa da janyewar ruwa, ku shiga ƙananan rafuka lokacin da ruwa ke cikowa. In kun maƙale kada ku diro cikin taɓon fadama, yana nutsar da ƙafa har cinya. Ku ja baya da filafili.

Wajen tuƙi, ku miƙe zaune, ƙafa a kan matokari, ku tsoma filafili kusa da yatsun ƙafa, ku cire shi daidai ƙugu. Juyin gangar jiki ne ke jan jirgin, wanda ya dogara da damtse zai gaji da wuri. Ku bi gefen fadama, ku kauce wa hanyar jirage masu inji. A watan Afrilu kuwa rana na iya yin daɗi alhali ruwan yana wajen digiri 10 a ma'aunin Celsius, kuma faɗawa irinsa yana ƙwace numfashi nan take. Sabon shiga ya jira Yuni.

Tambaya: Na saba kallon tsuntsaye a fadamar Hadejiya da Nguru kafin in zo karatu. Wane lokaci ya fi a Assateague, kuma me zan gani?
Wata ɗaliba, Philadelphia

Amsa: Malama, kin riga kin san ka'idar: baƙin tsuntsaye lokaci gare su. An ga fiye da nau'i 300 a tsibirin, domin yana kan hanyar ƙaurar da ke bin gaɓar Atlantika. Tsuntsayen bakin ruwa sun fi yawa a Mayu, sannan daga Agusta zuwa Satumba. Ƙarshen Satumba da farkon Oktoba lokacin wucewar shaho ne. Daga Nuwamba zuwa Fabrairu sai agwagin ruwa da fararen dinyoyin da ke saukowa daga yankin ƙanƙara na arewa. Lokacin zafi za ki ga kwasakwasa mai ruwan ƙasa, zalɓe iri-iri, da shahon da ke kamun kifi. Za ki kuma ga balbela tana bin dawakin dajin da ke tsibirin, irin tamu ce sak: daga Afirka ta ƙetare teku zuwa Kudancin Amurka a ƙarshen ƙarni na 19, ta hauro arewa a tsakiyar ƙarni na 20.

Ɓangaren Virginia ya fi miki. Akwai zagayen kilomita 5 da ake kira Wildlife Loop, wanda masu ƙafa da keke ke da shi su kaɗai har ƙarfe 3 na rana, sannan a bar motoci su shiga. Ki je da asuba, rana a bayanki. Madubin hangen nesa mai lamba 8x42 ya wadatar, manhajar Merlin kuma tana taimakawa wajen gane kuka. Don tsuntsayen taɓo, ki zo ruwa na cikowa, shi zai matso miki da su.

Daga Maris zuwa Agusta za ki tarar an killace wasu sassan gaɓa da igiya saboda wani ɗan tsuntsu da ake kira piping plover, wanda ke cikin barazanar ƙarewa. Ƙwansa a kan rairayi yake, launinsu ɗaya, ido ba ya rabe su. In aka tayar da uwar, rana ta gasa ƙwan ko hankaka ya ɗauke. Kada ki tsallaka, ko don hoto.

Tambaya: Za mu kwana biyu a tanti cikin Yuli. Yara suna ɗokin shafa dawakin. Me za mu shirya?
Wani uba, Newark

Amsa: Malam, ka cire musu wannan ɗoki tun a gida. Dawakin daji ne, suna cizo suna harbi, kuma doka ta ce a ba su tazarar ƙafa 40, wato mita 12. Ana cin tarar wanda ya taɓa su ko ya ba su abinci. Wanda ya saba da abincin mutane yakan dawo bakin titi mota ta buge shi. Sun iya buɗe kula da jaka, don haka abinci a cikin mota ko a kular da aka ɗaure da maɗauri. Larabar ƙarshen Yuli ake ƙetarar da garken dawakin ɓangaren Virginia ta ruwa zuwa Chincoteague, makon nan masauki yana wuya.

Wurin tanti ana kama shi ta intanet tun wata shida kafin lokaci. Gajerun turaku ba sa riƙe rairayi. Ka nemi masu tsawon santimita 30 zuwa sama, ko ka binne jakar rairayi ka ɗaura igiya. Babu inuwa a gefen teku, ka zo da rumfa.

Yuli kuwa lokacin sauro da bobuwa ne. In iska ta buso daga teku za ku huta, in ta juyo daga yamma sai ta kwaso su daga fadama har bakin ruwa. Ka zaɓi gefen teku, ka tanadi maganin shafawa na korar ƙwari mai sinadarin DEET kashi 20 zuwa 30, da dogayen kaya masu haske. Kowane dare ka duba jikin yara saboda kaska, musamman bayan kunne, hammata da bayan gwiwa, domin tana ɗauke da cutar Lyme. In ka samu, ka kama ta da matsefata dab da fata ka ja a miƙe, ban da ƙona ta ko zuba mata kananzir. In zazzaɓi ko jan tabo mai faɗaɗa ya biyo baya cikin wata guda, ku ga likita ku gaya masa inda kuka je.

Ruwan teku ya halatta a yi alwala da shi. Alƙibla daga can arewa maso gabas take, ba ita ce fuskar da tekun yake ba kai tsaye, saboda haka ka daidaita ta da waya tun da rana.