Bangon tsohon gida ya tsage kusa da bishiyar lambu

Kana tambaya ko ka sare babbar bishiyar lambun gidan gadonku, tunda bangon da ke kusa da ita ya tsage. Kar ka sare ta tukuna. Ja layi da fensir a kowane gefen tsagar, ka riƙa auna tazarar duk wata har shekara ta zagayo. In faɗin tsagar ya haura milimita 5, kira injiniyan gini.

In ƙasar wurin yumɓu ce, saiwoyi sun daɗe suna tsotse ruwanta. Sare bishiyar farat ɗaya kan sa ƙasar ta kumbura ta ɗaga harsashin ginin, tsagar ta ƙaru. Rage rassa kaɗan-kaɗan ya fi. Amma in saiwa ta fasa bututun ruwa a ƙarƙashin ƙasa, to bututun za ka fara gyarawa.