Alessandro de' Medici na Florence: asalinsa, mulkinsa da kisansa

Tambaya: Assalamu alaikum, Malam. Ana yaɗa hoton wani basaraken Italiya mai suna Alessandro de' Medici a Facebook, ana cewa mahaifiyarsa 'yar Afirka ce, kuma wai saboda launin fatarsa aka kashe shi. Ina gaskiyar wannan magana, kuma yaya mulkinsa ya kasance?

Amsa: Wa alaikumus salam. Maganar asalin mahaifiyarsa tana da tushe, amma batun cewa launin fata ne ya jawo kisansa ba shi da madogara a tarihi.

An haifi Alessandro a wajajen shekarar 1511, ba ta hanyar aure ba. Gidan Medici, attajiran da suka yi arziki da harkar banki, sun bayyana shi a matsayin ɗan Lorenzo, sarkin Urbino wanda ya rasu a 1519, wato ke nan uba ɗaya suke da Catherine de' Medici wadda daga baya ta zama sarauniyar Faransa. Sai dai tun yana raye ake raɗe-raɗin cewa mahaifinsa na ainihi shi ne Giulio de' Medici, wanda ya zama Fafaroma Clement na Bakwai a 1523, kuma irin fifikon da Fafaroman ya nuna masa a kan ɗan uwansa Ippolito ya ƙara wa zancen ƙarfi. Mahaifiyarsa kuwa, wadda ake kira Simonetta, mai hidima ce a gidan Medici, daga baya ta yi aure a ƙauyen Collevecchio da ke arewa da birnin Roma.

Masu cewa 'yar Afirka ce suna kafa hujja da zane-zanen da aka yi masa, irin na Pontormo da na Vasari, waɗanda suka nuna shi da murɗaɗɗen gashi da kaurin leɓe da fata mai ɗan duhu, da kuma bayanin wasu marubutan ƙarni na 16 da suka kira mahaifiyar baiwa. Ga shi kuma a lokacin akwai bayi 'yan Afirka a gidajen masu hali na Italiya, musamman bayan da Turawan Fotugal suka fara fataucin mutane daga gaɓar Afirka ta Yamma. Laƙabin da ake yi masa, il Moro, wato mai duhun fata, shi kaɗai ba ya yanke hukunci, domin Italiyawa kan kira duk mai duhun fata da haka, har da Ludovico Sforza na Milan, wanda babu mai danganta shi da Afirka. A ganina hujjojin idan aka haɗa su sun fi karkata ga cewa tana da asalin Afirka, kuma masana tarihi da dama a yau suna kan wannan ra'ayi, ko da yake akwai masu ganin baƙauyiya ce ta Italiya kawai.

Abin da ya kamata mai tambaya ya lura da shi sosai shi ne irin gorin da maƙiyansa suka riƙa yi masa. Abin da suka fi nanatawa shi ne cewa shi shege ne, ɗan 'yar aiki, wanda bai cancanci ya shugabanci 'ya'yan manyan gidajen birnin ba. Ƙasƙancin matsayin uwa da rashin aure su ne abin aibu a idon mutanen Florence na wancan zamani, kuma auna su da ma'aunin wariyar launin fata ta ƙarnonin baya yakan ɓatar da mai nazari.

Hanyar da ya bi ya hau mulki ita ce ainihin tushen ƙiyayyar. Florence jamhuriya ce mai alfahari da majalisunta, ko a lokutan da gidan Medici ke juya ta daga bayan fage. A watan Mayun 1527 sojojin Sarkin Sarakuna Charles na Biyar, mai mulkin Sifaniya da ƙasashen Jamus, suka wawashe Roma, mutanen Florence suka yi amfani da wannan dama suka kori 'yan Medici. Fafaroma Clement ya shirya da Charles a yarjejeniyar Barcelona ta 1529, aka tura rundunar da ta yi wa Florence ƙawanya tun daga Oktoban 1529 har zuwa Agustan 1530, lokacin da yunwa da annoba suka tilasta wa birnin miƙa wuya. Da ƙarfin wannan runduna ta waje Alessandro ya shiga birnin a 1531, sannan a 1532 aka rusa tsohuwar majalisar zartarwa ta Signoria, aka kafa majalisar mutum 200 da ta dattawa 48, aka naɗa shi duca, wato sarki mai gado a ƙarƙashin inuwar Sarkin Sarakuna.

Mulkinsa bai cika shekara biyar ba, kuma ya yi shi ne cikin tsoron tawaye. Ya ƙwace makamai daga hannun 'yan birni, ya sa aka sauke babbar ƙararrawar da ake kaɗawa don tara jama'a, sannan a 1534 ya fara gina katafariyar ganuwar Fortezza da Basso bisa tsarin Antonio da Sangallo Ƙarami, wadda kowa ya fahimci cewa mutanen garin aka gina ta don a tsorata. Zargin neman matan mutane da ake yi masa ya yi yawan da ba za a ce duka ƙage ne ba. Duk da haka akwai labarai da suka nuna shi yana sauraron ƙarar talakawa yana yi musu adalci a kan masu hannu da shuni, kuma wajibi ne a tuna cewa mafi yawan baƙin labarinsa ya fito ne daga alƙalamin waɗanda ya raba da iko da dukiya.

Bayan rasuwar Clement a Satumban 1534, 'yan adawar Florence da ke gudun hijira suka taso Alessandro gaba, suka tura Ippolito, wanda a lokacin Kadinal ne, wato babban limamin cocin Katolika, ya kai ƙararsa wurin Charles. Ippolito ya rasu a hanya, a garin Itri, a Agustan 1535, aka zargi Alessandro da sa masa guba, ko da yake zazzaɓin cizon sauro ya yi ƙamari a yankin. Da aka saurari ƙarar a Naples, masanin tarihi Francesco Guicciardini ne ya tsaya masa, Charles kuma ya goya masa baya har ya aura masa 'yarsa Margaret a 1536.

Wanda ya kashe shi ɗan dangi ne kuma abokin yawonsa, Lorenzino de' Medici. A daren 6 ga Janairun 1537 ya yaudare shi zuwa ɗakinsa da alkawarin haɗa shi da wata mace, sannan shi da wani ɗan ta'adda da ake kira Scoronconcolo suka daɓa masa wuƙa. A takardar kare kai da ya rubuta daga baya, Lorenzino ya ce azzalumi ya kashe don ya 'yantar da jamhuriya, kuma ko a nan ƙasƙancin mahaifiyar sarkin ya yi ta ambata. Amma bai shirya komai don abin da zai biyo baya ba, tserewa ya yi, aka kuma kashe shi a Venice a 1548.

Manyan birnin sun ɓoye mutuwar na ɗan lokaci, suka binne gawar a asirce cikin kabarin Lorenzo, sarkin Urbino, wanda Michelangelo ya sassaƙa a cocin San Lorenzo. Sun tsallake ɗansa Giulio, wanda ƙaramin yaro ne kuma ba ɗan aure ba, suka ɗauko Cosimo de' Medici mai shekara 17. Cosimo ya murƙushe 'yan gudun hijira a yaƙin Montemurlo a Agustan 1537, ya ɗora mulkinsa a kan majalisu da ganuwar da aka kafa a zamanin Alessandro, kuma gidan Medici ya ci gaba da sarauta a Florence har zuwa 1737.