Amsa ga Yaya a Gombe, kan ɗanka da zancen Burmi

Yaya, saƙonka ya iso. Ka ce tun da ɗanka da na turo maka ya sauka wurinku ya hana ku sakat da zancen dauloli, ya nace sai an kai shi Burmi, har kana tambaya ko haka muke renon yara a Sudan, da labarin doki da takobi. Na yi dariya, amma tambayar ta ɗan sosa ni.

Ku a wurinku Burmi kufai ne can wajen Bajoga, ko kun bi ta yankin ba ku waiwaya. Mu kuwa daga nan lissafinmu ya fara. Ranar 27 ga Yuli, 1903 Turawa suka kashe Sarkin Musulmi Attahiru a wurin, wata huɗu bayan sun ci Sakkwato. Ɗansa Muhammadu Bello Mai Wurno ya ja ragowar jama'a suka yi gabas har bakin Kogin Nilu, kuma garinmu sunansa yake amsawa har yau. Kakata takan ce mahaifiyarta a goye aka fito da ita. Daga nan ba ta ƙara komai, sai ta koma kan damun furarta.

Samari ko'ina haka suke, ban musa ba. Naku ma ai suna kwana kan finafinan Turkiyya a waya. Ɗan shekara 15 ba shi da iko ko da a kan kuɗin askinsa, to ya ji an ce Muhammadul Fatih yana da shekara 21 ya ci birnin Kustantiniyya a 1453, ina zai iya barci? Shi ɗan naka har rigima ya taɓa yi da malaminsa kan wace ce ainihin Daular Usmaniyya, ta Turkawa ko ta Shehu.

Sai dai namu akwai ƙari. A makaranta Fallata ake ce masa, ko Takari, sunayen da ake kiran 'yan asalin Afirka ta Yamma da su a nan, kuma ba kullum da fara'a ba. Lokacin rikicin ƙasa na jihar Blue Nile a 2022 ya ji da kunnensa ana cewa Hausawa baƙi ne, bayan kakanninsa sun haura shekara 100 suna noma a nan. Ranar da ya gano Buba Yero na Gombe da Yakubun Bauchi duk tutar Shehu suka karɓa, tafiyarsa ma sai da ta canza.

Sannan ya zo gida, gidan da yake ta mafarki, aka yi masa dariya don ya ce "tamam". Wannan ta yi mini zafi, Yaya. E, uwarsa Balarabiya ce, ni na aure ta, kuma tuwonta ba ya jin kunyar na kowa. Mun ari Larabcinsu, su kuma suna layi wurin mai agashe ba su san kalmar tamu ba ce. In Hausarsa ta karkace ku miƙe masa ita, ai don haka na turo shi.

Don Allah ka kai shi Burmin, kuɗin mai a wuyana. Ku biya ta inda zai hango Dutsen Bima, ya ɗauko hoto, gwaggonsa ta ce tana son gani.