Kafin ka ce wa mai mota ya sayi kayan ɗaga ta

Jiya muna wanke hannu ka tare ni da tambaya: "Oga, mutumin nan mai Hilux ya ce in nemo masa kayan ɗaga mota, na ƙara mata tsayi, inci 4 yake so, har ya nuna mini hoto a waya. Wanne zan ce ya saya?" Na ce ka bari sai mun zauna, don ba amsar tsaye ba ce. To, ga ta.

Kada ka fara da tambayar inci nawa. Ka koma ka tambaye shi abu biyu: wace irin taya yake son sawa, kuma wane nauyi motar take ɗauka kullum. Idan ya kasa amsawa, to kwalliya yake nema, kuma ita ma ba laifi ba ce, amma gara ku san haka tun yanzu.

Dalilin tambayar taya, shiga ƙarƙashin motar ka gani da idonka. Abin da ya fi kusa da ƙasa a baya shi ne kumburin nan na tsakiyar aksil (ƙarfen da ya haɗa tayoyin biyu), mai kama da tulu. Ka sa sifirin mai tsawo yadda ka ga dama, shasi da bodi za su tashi, tulun nan yana nan inda yake, domin a kan taya yake zaune. Ba abin da ke ɗaga shi sai babbar taya, ita ma rabin girman da aka ƙara mata kawai. Ka cire taya mai inci 31 ka sa mai 33, inci 1 tak ka samu a ƙarƙashin aksil. Amfanin ɗagawa shi ne tayar ta sami wurin juyawa ba tare da goga bodi ba, ciki da hanci da gindin motar kuma su daina dukan ƙasa a hawa da gangara.

Abin da ake sayarwa da sunan kayan ɗagawa ba iri ɗaya ba ne. Akwai zoben ƙarfe ko roba mai tauri da ake cusawa a saman sifirin. Yana da araha, motar za ta yi tsayi, amma tsohon sifirin da tsohon shokozoba (mai shanye girgiza) ne dai suke aiki, kuma an rage musu wurin miƙewa. Akwai wanda ke raba bodi da shasi kawai. Wannan ba ya taɓa ƙafar mota. Sai na gaskiya, wanda ake canja sifirin da shokozoba gaba ɗaya. Mai shiga daji da yashi da duwatsu, wannan na ukun zan ce ya saya.

Yanzu batun inci 4 ɗin nasa. Ƙafar gaban Hilux ɗinsa ba dunƙulallen aksil ba ce, kowace taya da hannayenta biyu, na sama da na ƙasa, ga shaf mai gwiwa da ke kawo mata ƙarfi. Duk abin da ka ƙara a tsayi, shaf ɗin nan yana ƙara karkacewa. A inci 2, wato kamar milimita 50, yana jurewa. Ka wuce nan, robar da ke rufe gwiwar za ta riƙa goga kanta har ta yage, giris ya fita, ƙura ta shiga, sai ka fara jin ƙas-ƙas-ƙas idan an karya kwana. Boljon na sama, wato gaɓar da ta haɗa hannun sama da taya, shi ma ya kusa kai ƙarshen motsinsa, mai alaimen (saita tsayuwar tayoyi) kuma ya juya notinsa har ƙarshe bai sami abin da yake so ba. Shi ya sa wanda ya dage sai ya haura haka, dole ya haɗa da sabbin hannayen sama, da abin sauko da giyar gaba ƙasa kaɗan. Kuɗin ya tashi daga na sifirin ya koma na sake ƙafar mota.

Motoci masu dunƙulallen aksil a gaba, irin Land Cruiser 80 da Patrol Y61 da Jimny da Wrangler, sun fi karɓar ɗagawa, amma su ma da nasu halin. Aksil yana ɗan juyawa idan an ɗaga, sai kwanciyar nan da ake kira kasta ta ragu. Ita ce ke sa sitiyari ya dawo tsakiya da kansa bayan kwana. Idan ta ragu, motar za ta riƙa yawo a titi kamar mai neman abin da ya ɓace, direba yana ta gyara hannu. Sandar da ke riƙe aksil kada ya yi gefe ita ma za ta ja shi ɓangare ɗaya. Ka tsaya a bayan motar za ka ga taya ɗaya ta leƙo fiye da 'yar'uwarta. Maganinta sanda mai zare da ake iya ƙara wa tsawo. Furofela kuma, wato doguwar sandar da ke kai ƙarfi daga giya zuwa aksil, idan ta karkace da yawa, za ka ji ƙasan kujera yana rawa.

Nauyi fa? Nan ne masu saye suka fi cutar kansu. Kamfanoni irin Old Man Emu da Dobinsons da Ironman suna yin sifirin hawa-hawa, gwargwadon kayan da ba sa sauka daga motar: bambar ƙarfe a gaba, injin jawo mota idan ta maƙale, tankin ruwa, akwatunan baya. Mutum ya ga an rubuta "mai ɗaukar nauyi" sai ya ce shi yake so, alhali bayan motarsa fanko ne. Sati guda zai dawo yana riƙe da ƙugu, ya ce motar tana tsalle kamar akuya. Wani kuma ya sayi mai laushi ya lafta kaya, wata uku gindin ya zauna, inci 2 ɗin sun tafi. Shokozoba kuwa a saye shi tare da sifirin, wanda aka yi su don juna. Gajere zai riƙa ƙurewa idan ƙafa ta miƙe, dogo kuma zai daki cikinsa kafin robar tsayarwa ta taɓa.

In akwatin ya zo, zazzage shi a ƙasa ka ƙirga, kada ka tsaya kallon fenti. Ka nemi dogon tiyon birki ko abin sauko da shi. An taɓa kawo mini wata da aka ɗaga a wani wuri, na sa jak a shasi, ƙafar baya ta sauko, sai ga tiyon birki a miƙe kamar tsirkiyar baka. Shi ne yake riƙe da aksil! Rami ɗaya mai kyau ya rage masa. Wayar ABS, na'urar da ke hana taya kullewa idan an taka birki, ita ma haka za ka duba ta. Tsofaffin Hilux da Land Cruiser kuma suna da bawul a baya mai auna nauyi, sandarsa tana haɗe da aksil. Ka ɗaga motar ba ka gyara shi ba, sai ya ɗauka ba kaya, ya rage wa birkin baya ƙarfi.

Ka faɗa masa gaskiya tun kafin ya biya: mota mai tsayi ta fi saurin kifewa a kwana, babbar taya tana cin mai, tana nauyaya giya da birki. Agogon gudu ma zai yi masa ƙarya. Da taya 33 a madadin 31, yana nuna 100 motar tana kusan 106. Ya kuma bincika dokar inda yake da mai inshorarsa, don wasu ƙasashe sun yanke iyakar tsayin da za a ƙara.

Ranar aikin, kafin ka kwance ko noti ɗaya, auna daga tsakiyar taya zuwa bakin bodi a kusurwa huɗu, ka rubuta. Notin bushin, wato robobin da ke mahaɗar ƙafar mota, kada ka ɗaure su tam motar tana rataye. Sauke ta, nauyinta ya zauna, sannan ka ɗaure, in ba haka ba robar za ta murɗe ta tsage. Daga nan sai alaimen, a sauke fitilun gaba kada ya makantar da mutane, kuma ka ce ya dawo bayan kilomita ɗari biyar a sake bin notin.

Ni dai a wannan Hilux, inci 2 zan ce masa, da sifirin daidai kayansa. Kira shi ka ji amsar tambayoyin nan biyu, sai ka zo mu duba lambar kayan tare.