Kwana a Tanti da Dangi a Lokacin Kaka: Me Za a Saya, Me Za a Ara?

Tun da iska ta fara juyawa, wasiƙun da ke zuwa mini kusan duk maganarsu ɗaya ce: hutun kaka ya gabato, dangi na son fita daji su kwana a tanti, ana kuma ta ja-in-ja a kan abin da za a saya. Ga waɗanda na zaɓo a wannan makon.

Malam, barka da aiki. Shekara shida ke nan duk hutun kaka muna haɗuwa a gidan babban yayanmu. Bana matasan gidan sun ce a fita a yi kwana biyu a tanti, a ga yadda ganye ke sauya launi. Mu biyar ne: ni, maigida da yara uku. Na ga wani ƙaton tanti mai ɗakuna uku da ya kwanta mini a rai, amma in na saye shi babu abin da zai saura a kuɗin da na ware. In saya? Daga wata uwar yara uku.

Malama, ki dakata tukuna. Tanti ba ya ɗumama kowa. Aikinsa ya tare ruwan sama da iska, iyakarsa ke nan. Sanyin da ke hana mutum runtsawa a daren kaka daga ƙasa yake tasowa. Ƙasa na tsotse ɗumin jiki fiye da yadda iska ke yi, kuma duk kaurin bargon da ke ƙarƙashinki, da zarar nauyinki ya danne shi, iskar da ke cikinsa ta fita, ɗumin da yake riƙewa ya ragu ƙwarai. Don haka kuɗinki ya fara tafiya kan shimfiɗa, sannan jakar barci, wato bargo mai zif da aka ɗinka kamar buhu, mutum ya shiga ciki ya kwanta. Tanti ne na uku.

Shimfiɗun da ake yi musamman don kwanan daji suna ɗauke da wata lamba da ake kira lambar R, wadda ke nuna yadda suke hana ɗumi tsiyayewa zuwa ƙasa. Don kaka ki nemi mai 3 zuwa 4. Lambobin nan haɗuwa suke yi: in kika ɗora siririyar shimfiɗar soso mai 2 a kan wata mai 2, kin samu 4. Wannan shi ne ya fi sauƙi ga mai yara uku.

Ki yi hattara da manyan katifun nan da ake hura wa iska, irin na saukar baƙi a gida. Suna da laushi, amma iskar cikinsu yawo take yi tsakanin jikinki da ƙasa, tana kwashe ɗumin. Na taɓa ganin wannan da idona. 'Yar ƙanwata, lokacin tana da shekara bakwai, ta kwanta a kan irin wannan katifa da jakar barci mai kyau. Wajen ƙarfe uku na dare na ji tana kuka ƙasa-ƙasa. Na taɓa ƙirjinta na ji ɗumi, na taɓa bayanta da ƙugunta na ji sanyi ƙalau kamar randa. Muka shimfiɗa bargon ulu ninki biyu tsakaninta da katifar, kafin minti ashirin ta yi barci. Amma shekarar da ta biyo baya sai da aka yi ta lallashinta kafin ta yarda ta sake zuwa, kuma abin da nake so ki kiyaye ke nan: yaron da ya kwana yana rawar ɗari ba ya tuna kyan ganye.

Sai jakar barci. Masu inganci ana gwada su bisa ƙa'idar ƙasa da ƙasa mai suna ISO 23537, wadda ta maye gurbin tsohuwar ƙa'idar Turai a 2016, kuma za ki ga lambobi uku a jikinsu. Ta farko ita ce sanyin da mace za ta yi barci a sake a cikinsa. Ta biyu, iyakar da namiji zai iya barci a duƙunƙune. Ta uku kuwa ta tsira da rai ce kawai, ba ta barci ba, kuma ita wasu masu sayarwa ke rubutawa ɓaro-ɓaro don ta fi jan ido. Ta farkon kaɗai za ki duba. Ki nemi hasashen sanyin dare na wurin da za ku, ki ƙaddara zai fi haka sanyi da digiri 5 a ma'aunin Celsius, ki sayi jakar da ta dace da wannan. In wurin kan tsauni ne, ki tuna duk hawan mita 1000 yana rage zafi da kusan digiri 6 da rabi. Jakunkunan yara ba sa cikin wannan gwaji, saboda haka lambar da ke jikinsu ƙiyasin kamfani ne, ki ƙara musu bargo da hular sanyi da safa busasshiya ta barci kawai. Jariri kuma ba a sa shi cikin jakar manya.

Tsakanin jakar barci mai gashin agwagwa a ciki da mai zaren roba, ni dai ga iyali na fi son ta biyu. Ta fi nauyi, amma da mota za ku, ta fi araha, ta fi sauƙin wanki, kuma ko ta ɗan jiƙe tana riƙe ɗumi. Mai gashin agwagwa in ta sha ruwa ta tashi daga aiki.

Tantin fa? Bana ki ara, ko ki karɓi haya. Na san an ce kayan aro ba ya rufe katara, amma kwana biyu ne, kuma sai kun kwana za ki san irin wanda ya dace da ku. In ma dole sai kin saya, adadin mutanen da aka rubuta a jikin tanti lissafin kwanciya ne kafaɗa da kafaɗa ba tare da jaka ko ɗaya ba, don haka ku biyar ku nemi na mutum shida ko bakwai. Ya kasance mai rufi biyu, na wajen ya sauko har kusa da ƙasa. Akwai lambar jure ruwa da ake rubutawa da milimita: 1500 ita ce mafi ƙaranci, 3000 ta fi kwanciyar hankali a ruwan kaka. Ko na aro ne ko sabo, ku kafa shi a gida tukuna, ku ƙirga turaku, ku ja kowane zif. Ba a fafe gora ranar tafiya.

Mahaifiyarmu tana da shekara 72, kuma ita ce ginshiƙin haɗuwarmu ta kowace shekara. Ta ce ƙafarta ƙafarmu. Yayyena biyu sun ce a bar ta gida, ni kuma na ce in babu ita babu tafiya. Wa ke da gaskiya? Daga ɗan autanta.

Ɗan'uwa, ina bayanka, amma da sharaɗi: a tsara tafiyar gaba ɗaya a kan Mama, kowa ya bi sahunta. Yayyenka ba ƙin ta suke yi ba, tsoro suke ji, kuma tsoronsu yana kan hanya. Jikin tsofaffi ba ya saurin jin cewa sanyi ya shige shi, ba ya kuma saurin maido da ɗumi. In zafin jiki ya sauka ƙasa da digiri 35 an shiga haɗari, kuma alamunsa sukan zo a ɓoye: magana ta fara sarƙewa, hannu ya kasa riƙe kofi, mutum ya yi ta gyangyaɗi ko ya ruɗe. In tana da ciwon zuciya, asma ko ciwon sukari, a ji ta bakin likitanta kafin a sa rana.

Ku zaɓi sansanin da aka tanada don masu kwana, wanda mota ke shiga har inda za a kafa tanti, mai banɗaki da ruwan famfo, kuma ku nemi fili kusa da banɗakin. Ku san asibiti mafi kusa da ko waya na kamawa a wurin. Abin saye don ita biyu ne: gadon naɗi mai tsayi, don tashi daga ƙasa da gwiwar ɗan shekara 72 aiki ne, da kujerar naɗi mai wurin ɗora hannu. A kan gadon ma a sa shimfiɗa, domin iska na bi ta ƙarƙashinsa. Dare ɗaya ya isa a karon farko. In akwai ɗakin haya a sansanin, a kama mata, ta yini da ku, ta yi hira da jikoki a bakin wuta, sannan ta shiga ɗaki da jika ɗaya.

Ka bar ni in ƙara magana ɗaya da ba ka tambaya ba. Abin da ya sa haɗuwarku ta zama al'ada ƙananan abubuwa ne da ake maimaitawa har yara su haddace su, kuma dukkansu ana iya ɗaukarsu a tafi da su daji. In Mama ce ke ba da labari bayan cin abinci, ta ba da shi a can. In akwai hoton da ake ɗauka kowace shekara, a jera yadda aka saba. Gwaggona, a fitarta ta ƙarshe da mu, ba ta taka ko'ina ba. Tana zaune a kujera da bargo a cinya, yara na kawo mata ganye ɗaya-ɗaya, tana juya kowanne a tafin hannu tana zaɓar wanda ya fi ja. Har yau akwai guda uku a cikin wani littafi a gidana.

Mijina ya ce zai shigo da kaskon gawayi cikin tanti da dare, ko ya kunna rishon gas ya ɗumama wurin kafin yara su kwanta. Hankalina bai kwanta ba. Daga wata mai karatu.

'Yar'uwa, ki hana shi, kuma ki nuna masa wannan amsa. Duk abin da ke ci da wuta a rufaffen wuri yana fitar da iskar kabon monoksaid. Ba ta da launi, ba ta da wari, tana kama jini ta hana shi ɗaukar iskar da muke rayuwa da ita, kuma mai barci ba ya farkawa ya ji. Gawayin da ake ganin ya mutu ma yana ci gaba da fitar da ita na sa'o'i. Buɗe zif kaɗan ba ya wadatarwa, bakin ƙofar tantin ma ba wurin girki ba ne. Mutane sun rasa rayukansu ta wannan hanya, iyalai sukutum. Ga kuma yadin tanti da ke narkewa nan take in wuta ta taɓa shi. In kunne ya ji, jiki ya tsira.

Abin da za ku yi: ku tafasa ruwa a waje, ku zuba a gorar da ke jure zafi, ku rufe tam, ku sa ta cikin safa, ku ajiye a ƙasan jakar barcin kowane yaro. A ci abinci mai ɗumi kafin kwanciya, a canza duk kayan da aka yi gumi a ciki. A guji auduga a jikin fata, tana riƙe danshi. Kuma ku bar tagogin iskan tantin a buɗe duk da sanyi, in ba haka ba numfashinku zai taru a rufi, da safe yaro ya taɓa shi ruwa ya zubo muku.

Tunda maganar risho ta taso: gas ɗin butan zalla yana daina tashi in sanyi ya kai kusan digiri sifili, sai ki ga wutar safe ta ƙi kamawa alhali gwangwanin cike yake. Ku sayi wanda aka gauraya da furofen, wani gas da ya fi jure sanyi.

Yaushe ya fi dacewa a tafi don a tarar da ganye a kan ganiyarsa? Daga wani magidanci.

Malam, ranar ba a kafe take ba. Dare na ƙara tsawo, bishiya ta daina yin sinadarin klorofil da ke ba ganye launin kore, sai ruwan ɗorawar da ke ɓoye tun farko ya bayyana. Ja kuwa sabo ake ƙera shi daga sukarin da ya maƙale a ganyen, shi ya sa ya fi fitowa in an samu rana tarwai da dare mai sanyi wanda bai kai ga daskarewa ba. Fari ko iska mai ƙarfi na iya karkaɗe komai cikin kwana biyu. Launin na fara sauka daga kan tsaunuka zuwa kwari, daga wurare masu sanyi zuwa masu ɗumi. A arewa maso gabashin Amurka yakan kai ganiya a farkon Oktoba zuwa tsakiyarta, a Kyoto ta Japan sai tsakiyar Nuwamba zuwa ƙarshenta, a kudancin duniya kuwa kakarsu tsakanin Maris da Mayu take. Ka tambayi masu kula da gandun da za ku, ka kuma kama wuri da wuri, wanda za a iya sauya masa rana. In kun isa, kada ku kafa tanti a gindin kwari inda sanyi ke kwanciya, ko ƙarƙashin busasshen reshe. Rana na saurin faɗuwa a kaka, ku isa da sauran sa'o'i uku na haske.

Mu gida huɗu ne, muna so mu haɗa kuɗi mu sayi kaya tare. Shawara ce mai kyau? Daga babbar yaya.

Yaya, tana da kyau ga abin da kowa ke amfani da shi lokaci guda: risho, manyan tukwane, rumfar tamfol ta zama, tebur, akwatin magani. Jakar barci da shimfiɗa da fitilar goshi kuwa kowane gida ya sayi nasa. Tun kafin a biya, a ambaci mutum ɗaya da kayan za su zauna a hannunsa, a rubuta su a takarda, domin abin da ya zama na kowa shi ake mantawa a but ɗin mota. Babban aikin wannan mutum shi ne shanya. Tantin da aka naɗe da raɓa a jikinsa kan fara funfuna cikin 'yan kwanaki, warin kuma ba ya fita. Ranar da aka dawo, ko da dare ne, a warware shi a rataye har ya bushe ƙayau, a karkaɗe turaku, a ƙirga su, sannan a mayar cikin jaka.